Yawon ƙafa a Baƙin Dajin Jamus cikin ruwan Afrilu

Ruwan watan Afrilu a kudancin Jamus ba ya yi wa mutum sallama. Babu hadarin da zai haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, babu iskar da za ta taso da ƙura ta watsa 'yan kasuwa. Sai dai ka ɗaga labule da safe ka tarar titi a jiƙe, sama ta yi fari-fari, yayyafi na sauka a hankali, kuma haka za ka bar shi in ka zo kwanciya. Wanda ya tashi a Kano ya saba da ruwan da ake fakewa: ya zo da ƙarfinsa, ka raɓe a zauren wani ko rumfar mai shayi, an jima ya ɗauke kowa ya kama gabansa. In aka haɗa jimillar ruwan shekara, na Kano da na garin Freiburg inda nake karatu ba su da wani nisa da juna. Namu dai yana juyewa ne a 'yan watannin damina, nasu kuwa an barbaɗa shi a shekara duka. Don haka wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai fita yawon daji a nan, zai daɗe yana zaune a ɗaki.

Bayan ƙaramar Sallah ne muka shirya fita, ni da wani babban yayanmu ɗan Damagaram da ke digirinsa na uku a jami'ar. Malam nake ce masa, shi kuma ba ya kirana da komai sai "Bakano", don tun ranar da muka haɗu a masallaci ya ɗauko wasan nan na Damagarawa da Kanawa bai ajiye ba. Dajin Schwarzwald, wato Baƙin Daji, daga bayan gari ya fara, amma mun zaɓi mu hau sama zuwa ƙauyen Hinterzarten, mu bi wata hanya da ta zagaya ta kwazazzabon Ravenna ta dawo, kilomita 7 zuwa 8.

Da na gaya wa Umma a waya cewa gobe zan shiga daji, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Dajin me? Me ka ajiye a daji?" Ban ga laifinta ba. A gida yanzu in an ambaci daji, Rugu da Kamuku da Sambisa ne ke faɗo wa mutum a rai. Na yi mata bayani cewa a nan tsofaffi ne ke yawo a ciki da karnukansu, kuma doka ta ba kowa damar shiga daji don shan iska ko da mallakar wani ne, sai dai abin da ya same ka ruwanka. Ta ce, "To, Allah ya tsare. Ka yi addu'a kafin ka shiga, kuma kada magariba ta yi muku a ciki." Wannan na ƙarshen, shi ne dai abin da maƙwabciyata Bajamushiya ta faɗa mini da nata bakin.

Dattijuwa ce, ta daɗe a ƙungiyar masu yawon ƙafa, kuma ita ta tsara mini kaya tun da yamma, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sharaɗinta na farko: kada auduga ta taɓa jikinka. Babu singileti, babu wandon jins, babu safar auduga. Na ɗan yi gardama a raina, don a wurinmu auduga ce tufafin mutunci. Amma da ta yi bayani sai na gane. Auduga tana shan gumi ta riƙe, iska ta buso ka ji daɗi. Abin da ya sa muke sonta a zafin Kano, shi ne abin da ke mai da ita haɗari a kan dutse cikin sanyi, domin ruwa na janye ɗumin jiki fiye da iska ninki 20 da wani abu. Sai ta ce a yi hawa uku: rigar ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, a kanta rigar sanyi mara nauyi, a waje kuma rigar ruwa mai hula. Ta ara mini wandon ruwa na marigayi mijinta da sanduna biyu. A jakar goyo ta ce in fara zura babbar ledar shara, sannan in zuba komai a cikinta, domin murfin ruwan da ake sayarwa da jakar ba ya hana ruwa bi ta baya. A cikin ledar na sa rigar ciki ta canji, safa, hular sanyi, safar hannu, ƙaramar tocila, dabino, gyaɗa, burodi da cuku, da fulas cike da shayi mai citta da kanumfari.

Sai duba yanayi. Hukumar yanayi ta Jamus, DWD, tana da manhajar waya mai nuna gajimaren ruwa yana tafiya a kan taswira. Tambayar ko za a yi ruwa ba ta da amfani, an riga an san za a yi. Abin dubawa shi ne ƙarfin iska, da ko akwai gargaɗin tsawa, da kuma tsayin da ruwan zai koma ƙanƙara. In an yi gargaɗin guguwa ba a shiga daji, ko me ka sa a jikinka, don reshe ba ya tambayar kuɗin rigarka. Akwai kuma ɗan lissafi: duk mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 0.6. Freiburg na kan mita 278, Hinterzarten kuwa ya kusa mita 900. In gari ya wayi da digiri 8, to can sama ka sa rai da 4, kafin a zo maganar iska.

Da safe muka haɗu a babbar tasha. Malam ya zo da wata ƙatuwar lema baƙa da jibgegiyar rigar sanyi irin ta tsakiyar hunturu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano, yaƙi za ka ne da waɗannan sanduna?" Tikitin wata na Deutschlandticket, wanda a lokacin Yuro 49 ne, ya isar mana. Layin dogon da ke hawa kwarin Höllental tun 1887 aka buɗe shi, kuma tsananin hawansa ya sa har zuwa 1933 sai da jirgi ya riƙa kama wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layi kafin ya iya haurawa. Yanzu jirgin lantarki ne, rabin awa da 'yan mintuna ya kai ka. Ta taga kana ganin shekara tana komawa baya. A ƙasa itatuwa sun fitar da sabon ganye kore shar, furanni har sun fara zuba. Muna hawa ganyen na ƙanƙancewa, har muka iso inda rassa suke tsirara, ga ragowar ƙanƙara mai datti a gindin shinge.

A bakin tasha na cire rigar sanyi na tura jaka, na bar ta ciki da ta ruwa kawai. Dattijuwar ta ja mini kunne a kan wannan: ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, jikinka zai hura nasa wutar. Malam ya ce shi ba a haife shi da wannan ƙarfin hali ba, ya ja zif har haɓa.

Neman hanya a wannan daji ba wuya, in ka san abin da ido zai nema. Ƙungiyar Schwarzwaldverein, wadda aka kafa a Freiburg a 1864, ita ke kula da alamomi a kan hanyoyi masu tsawon kilomita kusan 24,000, kuma 'yan sa-kai ne ke wannan aiki. Alamar wani ɗan murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwarsa, a manne a jikin itace ko dutse. Rawaya na nufin ƙaramar hanya ta yankin, shuɗi hanya mai haɗa yankuna, ja kuwa ta Westweg ce, doguwar hanyar da ta taso daga Pforzheim har Basel. A kowace mararraba akwai turke mai alluna, kuma a jikinsa an rubuta sunan wurin da tsayinsa. Na ɗauki al'adar ɗaukar hoton wannan suna duk inda muka wuce, domin in wani abu ya faru ka kira 112, shi za ka faɗa wa masu ceto. A cikin kwazazzabo sabis na waya yakan ɗauke, shi ya sa tun a gida na sauke taswirar.

Kashin farko gangara ne mai sauƙi ta kwarin Löffeltal, hanya mai faɗi da tsakuwa, rafi na bin gefenta. A da ana ƙera cokula a wannan kwari, kuma har yanzu akwai tsofaffin wuraren tsaga katako da ruwa ke juyawa, an gyara su don masu wucewa su gani. A nan lemar Malam ta yi ranarta, ban ɓoye masa ba. Yana tafe kansa a bushe, kunnensa a buɗe, ni kuwa ina cikin hular rigar ruwa ba na jin komai sai ƙarar ɗigo a kan roba da numfashina. Hular nan tana toshe ji, tana kuma rage ganin gefe, sai ka juya da jikinka duka kafin ka ga wanda ke bayanka. Hula mai baki da na sa a ƙarƙashinta ita ta hana ruwa zuba a gilashin idona.

Malam ne ma ya fara hango wani tsuntsu. Wani ɗan gajere mai ƙiba, ruwan ƙasa mai duhu, ƙirjinsa fari tas, yana tsaye a kan dutse a tsakiyar rafin da ke gudu da ƙarfi, yana durƙusawa yana miƙewa ba ƙaƙƙautawa. Muna kallo sai ya taka ya shige cikin ruwan da kansa, ya nutse gaba ɗaya. Na ɗauka ruwa ya tafi da shi. Can sai ga shi ya ɓullo a wani dutsen, da ɗan ƙwaro a baki, ya girgije ya ci gaba da durƙusonsa. Jamusawa na ce masa Wasseramsel, kuma a ƙarƙashin ruwan yake kiwo, yana bin ƙasan rafi yana tono tsutsotsi daga ƙarƙashin duwatsu. Malam ya ce, "Allah mai iko. Wannan ko Kanawa ba su kai shi neman abinci ba."

Ba mu yi nisa ba ya fara buɗe zif. Tururi na tashi daga wuyansa, goshinsa ya jiƙe da abin da ba ruwan sama ba. Na yi shiru, don babba ne.

A ƙasan kwarin, wurin da ake kira Höllsteig, ƙarar manyan motoci a kan titin B31 ta tarbe mu. Tsohuwar hanyar fatake ce. Akwai wani ƙaramin coci na St. Oswald da aka keɓe tun 1148, kuma ta nan aka wuce da gimbiya Marie Antoinette a 1770 lokacin da ake kai ta aure daga Biyana zuwa Faransa. Ba mu tsaya ba, don tsayuwa cikin ruwa ba riba. Gadar jirgin ƙasa ta Ravenna ce ƙofar kwazazzabon: ginin dutse mai baka 9, tsayinta kamar mita 36, tsawonta mita 224. Sojojin Jamus sun fasa ta a 1945 gab da ƙarshen yaƙi, aka sake gina ta bayan 'yan shekaru. Ta kanta jirginmu ya wuce ɗazu ba mu sani ba. Muka bi ta ƙarƙashinta, daga nan kuma tafiya ta canja.

Hanyar ta tsuke ta koma ta mutum ɗaya. Dutse a hagu, rafi a dama, an jima su yi musaya bayan ka haye wata 'yar gadar katako. Ruwan rafin ya ƙaru da narkewar ƙanƙara da ruwan kwanaki, launinsa ja-ja, ƙararsa ta cika wurin har sai ka ɗaga murya. Gansakuka ta lulluɓe komai, duwatsu, kututture, har igiyar ƙarfen da aka kafa don riƙewa tana ɗigar ruwa. Malam ya naɗe lemarsa ya soke a jaka ba tare da na ce komai ba, don wurin na neman hannu biyu.

A nan na gane cewa ruwan da ke sauka a ka shi ne ƙaramin al'amari. Babban yana ƙarƙashin ƙafa. Saiwoyin itatuwa sun fito sun ratsa hanya, ƙafafun mutane sun goge ɓawonsu, kuma in sun jiƙe yauƙinsu ya fi na miyar kuɓewa. Duk kyan ƙasan takalminka, in ka ɗora shi a kan saiwa a karkace za ka tafi. Sai ka nemi tsakaninsu, inda ƙasa ko tsakuwa take. Dutsen da ya yi baƙi yana sheƙi abin zargi ne, wanda ya yi kaushi ya fi aminci. Katakon gada da na matattakala shi ma ba a yarda da shi, musamman bakinsa. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa lokaci ɗaya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a kan ƙafar da ke tsaye har sai ɗayar ta tabbatar da wurinta. Sandunan da Malam ya yi wa dariya su ke fara taɓa wuri kafin ƙafa ta je. Inda taɓo ya kwanta a tsakiyar hanya, zuciya na cewa ka raɓa ta gefe, amma gefen ne ya fi santsi don a karkace yake, ga shi kuma yana faɗaɗa hanyar yana kashe tsiron da ke bakinta. Ka ratsa tsakiya kawai, don haka aka yi takalmin. In za ka kalli wani abu, ka tsaya cak ka kalla. Ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ba ya yiwuwa a nan.

Hawan ya sa jiki ya ɗau zafi, na buɗe zif ɗin hammata na rigar ruwan, na sassauta wuyan hannu. Rigar ruwa komai tsadarta, in kana hawa cikin iska mai laima ba ta iya fitar da gumi daidai da yadda kake yinsa. Ko dai ka rage sauri, ko ka buɗe mata ƙofa, in ba haka ba ka jiƙe daga ciki kana zaton rigar ce ta yoyo. Ma'aunin da na riƙe shi ne in iya magana ba tare da haki ba.

A babbar magangarar ruwan, inda rafin ke faɗowa daga tsayin mita 16, feshinsa ya haɗu da yayyafi har ba ka san wanne ke dukanka ba. Matattakalar da ke hawa gefenta a tsaye take, muka hau ɗaya bayan ɗaya da tazara, don in na sama ya zame kada ya kwashi na ƙasa. A nan muka yi kiciɓis da wasu matasa masu saukowa, da fararen takalman wasanni da suka riga suka koma ruwan ƙasa, ɗaya na saukowa da baya yana riƙe da ƙarfe da hannu biyu. Dalilin da ya sa muka zaɓi mu zagayo ta ƙasa ke nan. Wurin santsi hawansa ya fi saukarsa sauƙi nesa ba kusa ba, domin mai hawa in ya zame hannunsa na kusa da ƙasa, mai sauka kuwa bayansa da ƙeyarsa ne za su karɓa.

Sama kaɗan da nan na kusa taka wani abu da na ɗauka ɓawon alawa ne aka yar. Baƙi ne wuluk mai sheƙi, da ɗigo-ɗigon rawaya mai haske, tsawonsa kamar tafin hannu. Siffarsa ta ƙadangare, amma ba shi da ɓawo ko kaɗan, fatarsa sumul a jiƙe, dangin kwaɗi ne. Yana ratsa hanya da wata irin tafiya ta ƙasaita, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, jikinsa na lanƙwasa, ko a jikinsa da mu. Feuersalamander ake ce masa. Da rana ba ya fitowa sai in ana ruwa, kuma a wannan lokaci na shekara matan ke gangarawa ƙananan rafuka su haihu. Ba a taɓa shi, fatarsa na fitar da wani ruwa mai sa ƙaiƙayi da zafi in ya shiga ido ko baki, launin nan ma gargaɗi ne ga masu cinsa. Muka tsuguna muka jira ya ƙetare. Mai jiran rana ta fito kafin ya zo wurin nan ba zai taɓa ganinsa ba.

Kusa da ƙarshen kwazazzabon akwai tsohon injin niƙa na katako, Großjockenmühle, na 1883, wanda aka bi da ruwan ta cikin rufinsa ya zubo kan ƙafar da ke juya shi. Gaba da shi muka samu wata rumfar katako muka tsaya cin abinci. Kafin in buɗe fulas na fara ciro rigar sanyi na sa, na ɗora hula. Ɗumin da ka tara a hawa cikin 'yan mintuna yake gudu in ka tsaya, gara ka rufe shi tun yana nan.

Ina zuba shayi na lura Malam ya yi shiru, abin da ba halinsa ba. Yana ta fama da zif ɗin jakarsa, yatsunsa sun ƙi kama shi. Leɓensa ya canja, kafaɗunsa na rawa. Na ce, "Malam, me ke ƙarƙashin rigar nan?" Ya ce singileti da riga 'yar shara. Na taɓa bayansa, sharkaf, kuma ba ruwan sama ba ne, don jibgegiyar rigar ba ta yoyo ba. Gumin da ya yi tun daga gangaren farko ne ya zauna a audugar, yanzu ya huce yana zuƙe shi. Mutane na zaton sanyi ba ya kayar da mutum sai cikin ƙanƙara, alhali digiri 4 ko 5 da jiƙaƙƙen kaya da iska sun isa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga matsala, kuma alamunta na farko su ne waɗannan: karkarwa, hannu ya daina biyayya, ƙafa ta fara tuntuɓe, magana ta fara harɗewa. Mai abin kuma shi ne na ƙarshen yarda. Ya ce, "Ba komai, Bakano, mu dai tashi." Na ce, "Yaya, don Allah ka cire. Minti ɗaya ne." Na juya masa baya na tare iska, ya tuɓe audugar, ya sa rigar canjin da ke cikin ledata a bushe, ya mai da tasa a kai. Kofi biyu na shayi mai zafi da dabino, sai ga baki ya dawo. Abu na farko da ya faɗa shi ne wai yanzu sai in je Kano in ba da labari na ci Damagaram da yaƙi.

Azahar ta yi muna nan. Ruwan rafin narkakkiyar ƙanƙara ce, sai muka sirka ruwan gora da ragowar ruwan zafi muka yi alwala a gurguje, muka goge hannu nan take muka mai da safa. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da jiki ya saba fuskanta a gida ba, waya ce ta nuna mana. Muka shimfiɗa wandon ruwa da ledar jiƙaƙƙun kaya a kan daɓen katako. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, suka iso muna cikin salla, suka tsaya a waje cikin yayyafi har muka sallame, sannan suka gaishe mu suka shigo.

Fitowa daga kwazazzabo sai fili, makiyaya da gidajen manoma masu manyan rufi da suka sauko kusan ƙasa saboda nauyin ƙanƙara da dukan iska. Iskar da duwatsu suka tare mana tun ɗazu ta same mu a nan, ruwan ya koma zuwa a karkace da ɗan tsaki-tsakin ƙanƙara a ciki. Na rufe duk zif ɗin da na buɗe. Lemar Malam ta juye sau ɗaya, ya naɗe ta bai ƙara buɗewa ba.

A bakin daji muka wuce wani yanki da itatuwa suka bushe a tsaye, wasu an sare an jera. Yawancin dogayen itatuwan nan masu ganyen allura iri biyu ne. Fichte allurarsa na suka in ka damƙa, 'ya'yansa na rataye suna faɗowa ɗungurungum, su ne kake gani a ƙasa. Tanne kuwa allurarsa a baje take, ba ta suka, da layi biyu farare a ƙarƙashi. Fichte aka fi shukawa tun da daɗewa saboda saurin girma da kuɗin katako, amma saiwarsa ba ta nitsa ƙasa sosai. Guguwar Lothar ta ranar 26 ga Disamba 1999, wadda ƙarfinta ya haura kilomita 200 a awa a kan dutsen Feldberg, ta kwantar da su ba adadi. Farin da aka yi daga 2018 kuma ya raunana su, wani ɗan ƙwaro mai tsawon kamar milimita 5 ya samu shiga. Na ɗaga wani ɓawo da ya saki, a cikinsa ga ramukan ƙwaron: layi ɗaya a miƙe, ƙanana sun fita daga gefensa a jere. Da haka suke yanke hanyar abincin itace har ya mutu. Ga mai tafiya, ma'anar wannan ita ce kada ka zauna hutawa a ƙarƙashin busasshen itace ranar iska, kuma in ka ga an gitta kyalle ko igiya an rubuta ana aikin sara, ka juya, ba ado ba ne.

A wata mararraba muka tsaya shawara. Da niyyarmu in da sauran ƙarfi mu zarce har tafkin Titisee mu hau jirgi a can. Allo ya nuna 'yan kilomita ne kawai. Amma rigar canji ta riga ta shiga aiki, shayi ya ƙare, safata ta fara ɗaukar laima, ga iska na ƙaruwa. Jamusawa na da wata magana da suke ji da ita, wai babu mummunan yanayi sai dai mummunan tufafi. Rabin gaskiya ce. Tufafi na sayo maka lokaci ne, kuma lokacin na ƙarewa. Muka ɗauki hanyar Hinterzarten.

Ta ratsa wata fadama mai tsohon tarihi, inda aka shimfiɗa katakai a kan turaku don kada a taka ta. Ƙasarta ruɓaɓɓiyar gansakuka ce da ke taruwa kamar milimita 1 a shekara, ka ga mita guda ya ci shekara 1,000. Gajerun itatuwa a karkace, ruwa baƙi a kwance, hazo na yawo a kai. Katakan nan sun fi ko'ina santsi a tafiyar duka, ga gajiya ta sa ƙafa ta fara sakaci, ga rufin gidajen ƙauye ana hangowa. Na rage sauri da gangan.

A ƙauyen muka shiga wani ɗakin shan shayi muna ɗigar ruwa, muka rataye riguna a inda aka tanada a bakin ƙofa. Ga wanda zai zo: shahararren kek ɗin yankin nan mai ceri da kirim ana zuba masa giyar ceri, naman da suke taƙama da shi kuma na alade ne, har miyar dankali sau da yawa da shi ake ƙamshinta. Tambaya ba abin kunya ba ce, sun saba. Muka sha shayi da kek ɗin tuffa, na canja safa a banɗaki, muka kama jirgi tun da sauran haske.

Aikin bai ƙare a tasha ba. Kusan duk jihar Baden-Württemberg, inda dajin yake, yankin kaska ne mai ɗauke da cuta, kuma da zarar zafi ya kai kamar digiri 7 ta fara motsi, ba ta jiran rana. Cuta biyu ake tsoro. Ɗaya, FSME, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana da allurar rigakafi da likita ke yi wa mazauna yankin. Ɗayar, Borreliose, ba ta da rigakafi, amma ƙwayar kan ɗauki awoyi kafin ta shiga jini, don haka saurin cire kaskar na da amfani. Kafin wanka na duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, cibiya, bayan kunne da gefen gashi. Ƙananan ba su fi ƙwayar gero ba, a baƙar fata kuma sai da haske mai kyau da lalube da yatsa. In an samu, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ba a shafa mata mai ba a ƙona ta, sannan a riƙa duba wurin na 'yan makonni ko ja zai bazu a zagaye. Na aika wa Malam saƙo ya duba nasa, ya amsa da cewa kaska ta san jinin da take sha.

Takalmin na wanke taɓonsa da buroshi tun bai bushe ba, na zare shimfiɗar ciki, na cusa masa tsofaffin jaridu. Ba a ɗora shi a kan hita, zafi na busar da fata ta tsage ya kuma saki gam ɗin ƙasan. Kafin in kwanta na canja jaridun, da safe na sake canjawa, sannan na wanke wandon ruwan na shanya don in mayar wa mai shi.